Taɓin Hankali a Karon Farko: Makonnin da Ba a Wasa da Su

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da 'yan'uwanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, har da waɗanda rashin tsaro ya tasa daga gidajensu, suna jin mu daga Funtuwa ko Malumfashi ko birnin Katsina. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Maganar yau irin wadda ake yi ce a ƙuryar ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su ji. Taɓin hankali. Amma ba daga kan mutumin nan da ya shekara goma yana yawo a bakin kasuwa da tsummokara za mu fara ba. Za mu koma can baya, lokacin da yake ɗan gida kamar kowa, yana zuwa gona, yana zuwa masallaci, uwarsa ce kaɗai ta lura, har ta ce wa maigidanta, "Malam, yaron nan fa ba daidai yake ba." Abin da aka yi, ko aka ƙi yi, a wannan ɗan tsakanin yana da babban tasiri a kan inda rayuwarsa za ta dosa.

Ciwon bai cika faɗowa dare ɗaya ba. Da farko barci ne ke ƙaurace wa saurayi. Sai ya daina zama majalisar abokansa, ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Wanka ya zama sai an yi da gaske. In ɗan makaranta ne karatu ya daina shiga, in manomi ne a tarar da shi tsaye tsakiyar masara da fartanya a hannu, ya yi zuru. Waɗannan kaɗai ba su isa a yanke hukunci ba, don damuwa ma tana kawo su. Amma in tafiya ta yi tafiya sai abin ya fito fili. Ya ƙi cin tuwon gidan, ya ce an barbaɗa masa wani abu. Ya ce mutanen da ke hira a ƙofar masallaci da shi suke. Ya ce mai magana a rediyo saƙo yake aiko masa shi kaɗai. A ji shi yana mai da amsa ga wanda ba a gani, ko yana ƙyalƙyala dariya ba dalili, zancensa ya riƙa tsinkewa, ya kama nan ya saki ya kama can.

Iyayena, muryar nan da ya ce yana ji, wallahi yana jin ta, kamar yadda kuke jin tawa yanzu. Aikin da ƙwaƙwalwa ke yi na rarrabe abin da ya shigo daga waje da abin da ya taso daga cikin kai, shi ne ya sami tangarɗa. Masana sun gano cewa wani sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, wanda ake kira dofamin, yana da hannu a ciki. In aikinsa ya yi yawa a wani sashe, sai abin da ba komai ba ya zame wa mutum babban al'amari: tarin maƙwabci ya zama ishara, kallo ya zama barazana. Shi ya sa gardama ba ta fid da shi daga abin da ya yi imani da shi. Duka kuwa ƙara tabbatar masa yake yi cewa lalle ana neman ransa.

Ciwon ya fi kama samari daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen 25, mata kuma sukan ɗan ɗara haka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 300 yana fama da nau'insa mai daɗewa, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, wato kimanin mutum miliyan 24 a duniya. Amma ba duk wanda ya same shi karon farko ne zai zame masa na dindindin ba. Wasu sau ɗaya yake zuwar musu, a yi magani, shi ke nan.

A yankinmu akwai abin da ke ƙara rikita lamarin, kuma ina so mu tsaya a kansa. A wani garin, in yaro ya ce ana bin sa, ana neman kashe shi, nan take kowa zai san da sake. Amma a Faskari ko Sabuwa, inda tsoron 'yan bindiga da zargin infoma suka zama ruwan dare, wannan magana tana iya zama gaskiya. Sai gida su ɗauka tsoro ne irin na kowa, a yi ta lallashinsa wata da watanni. To ku duba ku gani, tsoron nasa irin na mutane ne, ko kuwa ya kai ga zargin uwar da ta haife shi, da cewa bango yana da kunne, da cewa ana karanta abin da ke zuciyarsa? In ya kai nan, ya wuce tsoron 'yan bindiga. Hatsari na biyu ya fi wannan muni. Saurayin da ciwo ya hana barci, yana fita tsakar dare yana yawo, in an tare shi an tambaye shi sai ya yi ta sambatu, a wurin da hankalin kowa a tashe yake ana iya yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Ina roƙon 'yan sintiri da 'yan sa-kai da masu unguwanni, don Allah, in kun gamu da wanda zancensa ba kai ba gindi, ku nemi danginsa tukuna kafin hannu ya riga hankali. Ku kuma iyaye, kunya kada ta hana ku sanar da mai unguwa cewa yaronku ba shi da lafiya. Sanarwar nan tana iya zama dalilin tsirar ransa.

Akwai kuma bambancin da ya kamata mu riƙe. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Bayan su, mutane nawa ne a ƙauyukanmu suka kwana a daji a hannun masu garkuwa, ko aka kashe nasu a kan idonsu? Wanda ya dawo daga irin wannan yana mugun mafarki, yana zabura in ya ji ƙarar babur, yana gudun wurin da abin ya faru, yawanci ciwon firgici ne ke damunsa, hankalinsa yana nan, kuma shi ma ana yi masa magani. Kada a laƙaba masa sunan da ba nasa ba. Sai dai tashin hankali mai tsanani yana iya tunzura ɗaya ciwon ga wanda dama yake da rauninsa a jiki. Mai tantance wannan da wancan shi ne ma'aikacin lafiya da ya koyi aikin.

To me ya sa nake ta nanata gaggawa? Likitoci suna da lissafin da suke yi wa duk wanda aka kawo musu karon farko: daga ranar da alamu suka bayyana zuwa ranar da ya fara shan magani, mako nawa ne? Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa gwargwadon tsawon wannan jira, gwargwadon wuyar da magani ke sha kafin ya kama, da kuma raguwar damar komawa yadda ake a da. Kamar karaya ce. In an kai wa mai ɗori da ɗanyenta, ƙashi ya koma mazauninsa. In an bari ta haɗe a karkace, gyaranta sai an sha wuya, kuma ba lalle ƙafar ta miƙe sosai ba. A cikin watannin jiran nan ne yaro ke rasa makaranta, ubangida ya sallame shi, a mai da masa kayan aure, yara su fara bin sa da waƙa. A kuma shekarun farkon nan ne hatsarin mutum ya halaka kansa ya fi yawa.

Jinkirin nan ba mu kaɗai ke yin sa ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum 404 a asibitoci 34, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2015, an tarar rabinsu sun haura mako 74 da ciwon kafin su sami magani. Waɗanda aka kama da wuri kuwa su suka fi cin moriyar kulawar da aka ba su. A ƙasar Norwe, daga 1997, sai hukumomin lafiya na wani yanki suka shiga jaridu da rediyo da makarantu suna koya wa mutane alamun ciwon da inda za a kai mai shi. A yankin da aka yi wannan faɗakarwa matsakaicin jira ya tsaya a mako 5, inda ba a yi ba kuwa mako 16. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba, magana suka yi da jama'a, irin wadda muke yi yanzu.

Kulawa ta musamman ga mai karon farko ta sami gindin zama ne a birnin Melbon na Ostireliya, inda Farfesa Patrick McGorry ya buɗe cibiyarta a 1992. Hikimar ita ce, kada a haɗa yaron da ciwo ya fara taɓawa jiya da waɗanda suka shekara ashirin a ciki, a ba shi ƙwaya a sallame shi. Sai a ɗaura masa ayari guda: likita mai ba da magani kaɗan-kaɗan, ma'aikaci ɗaya da ya san shi ya san gidansu yana bibiyarsa, mai zama da shi suna tattauna yadda zai yi da muryoyin da zargin, mai koya wa iyali, da mai taimaka masa ya koma makaranta ko sana'a. A riƙe shi haka shekara biyu zuwa uku. A Danmak an gwada tsarin a kan mutum 547, aka ga bayan shekara biyu sun fi waɗanda aka yi wa kulawar yau da kullum samun sauƙi, amma da aka janye musu ayarin sai ratar ta riƙa raguwa. Wato riƙon yana son ɗorewa. A Ingila kuwa, tun Afrilun 2016 ƙa'ida ce a fara kula da mai karon farko cikin mako biyu da tura shi asibiti.

Na san wani a Sabuwa zai ce, "Malam, wannan ai zancen ƙasashen masu kuɗi ne." Gaskiya ne ba mu da irin wannan cibiya a ƙananan hukumominmu, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Amma ku ji wannan. A 1954, shekaru kusan 40 kafin cibiyar Melbon, wani likita ɗan ƙasar nan, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon kulle majinyata, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su je shan magani, su yi 'yan aikace-aikace, da dare su kwana cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya jawo a jiki. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Babban jarin tsarinsa shi ne dangi, mu kuwa dangi ba mu rasa su ba.

Inda za a dosa: a fara da asibiti mafi kusa, babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa ko na Malumfashi, a duba jikinsa, a ba da takardar turawa in da bukata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, haka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma asibitocin da wannan ne kaɗai aikinsu, a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato. A tafi da wanda ya fi kowa sanin yadda abin ya faro, a faɗa wa likita gaskiya: yaushe barci ya ɗauke, ko yana shaye-shaye, ko an taɓa yin irinsa a dangi, da duk abin da aka riga aka ba shi ya sha.

Mutum biyu ba a kwana da su a gida. Na farko wanda ruɗewar ta zo masa farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko bai san inda yake ba. Wannan yana iya zama zazzaɓin sauro da ya hau kai, ko taifot, ko sanƙarau, kuma yana kisa cikin kwanaki. Ta biyu mai jego. Cikin kowace haihuwa 1,000, mace ɗaya ko biyu takan rikice, yawanci a mako biyun farko: ta daina barci, ta yi ta surutai, ta ƙi jaririn ko ta ce ba nata ba ne. A kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jinjiri, kada a tsaya jiran suna ko arba'in. Irin nata yana jin magani ƙwarai. Maigida, wannan lokacin tsayawa ne a kanta, kada ka tattara ta ka mai da ta gidan iyayenta da takarda.

Yanzu ga iyayenmu malamai, Allah Ya gafarta Malam, ku ne ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa, tun kafin a tuna da asibiti. Ba wanda zai hana Musulmi addu'a da tofi da ruƙiyya, kuma ku kuka koya mana cewa neman magani ba ya kore tawakkali. Roƙona shi ne a haɗa biyun tun ranar farko, kada a ce sai an ga ƙarshen ɗaya. An gwada haka a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje. Ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa wurin masu addu'a da masu maganin gargajiya suna duba majinyatansu suna ba su magani. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. Malamin da ya ce wa uba, "Zan ci gaba da yi masa addu'a, amma gobe ka kai shi asibiti," ya yi aikin lada babba.

Abin da ba za a lamunta ba shi ne bulala da sunan fitar da aljani, da hayaƙin barkono, da horon yunwa, da mari da turu. Mun ga abin da aka tarar a gidan marin Rigasa a Kaduna a Satumbar 2019, da na Daura a watan da ya biyo baya, mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a gadon baya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958, kuma ta kare majinyaci daga azabtarwa da wulaƙanci, har da ɗauri da sarƙa. Na san uban da ya ɗaure ɗansa sau da yawa tsoro ne ya sa shi, kada yaron ya shiga daji ya ɓata. Amma abin da sarƙa ta kasa yi a shekara, magani yakan fara yin sa cikin kwanaki.

Magungunan ba baƙi ba ne. Tun 1952 aka fara amfani da na farkonsu a Faransa, wanda ake sayarwa da sunan Largactil, yau kuma ga halofaridol da risfaridon da olanzafin. Mai karon farko kaɗan ke isarsa, shi ya sa ba a karɓo katin maƙwabci a je kemis a sayo. Natsuwa da barci sukan dawo cikin kwanaki, muryoyi da zargi kuwa sai a hankali, mako biyu zuwa shida, wani ma fiye. Mafi yawan masu karon farko alamun suna lafa musu. In aka ga wuya ya ƙage, ko hannu yana rawa, ko miyau yana dalala, ko ƙiba tana hawa da sauri, a koma wa likita ya rage ko ya sauya. Ba alamar maganin ya ƙara haukata shi ba ce. In watan azumi ya zo, a tambaya ko za a mai da shan maganin dare.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan an sami sauƙi. Yaro ya koma gona, ana hira da shi ana dariya, sai a ce ya warke, kuɗin maganin nan a sayi taki. Wani bincike a birnin Niyok ya bi masu karon farko shekara biyar, ya tarar kusan 8 cikin 10 ciwon ya dawo musu, kuma barin magani ya ninka hatsarin dawowarsa kusan sau biyar. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla shekara guda bayan lafawa, kuma likita ne zai janye shi a hankali. Ga wanda hanyarsa ba ta biyuwa kullum, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu, a tambaya. In an yi gudun hijira, katin asibiti da magani su shiga buhun farko. A rubuta sunan maganin a takarda, don mun ga yadda aka datse layukan waya a ƙananan hukumomin nan a Satumbar 2021.

Samari, ku kuma taku ta zo. Wani bincike da aka yi a biranen Turai da Burazil, aka buga a 2019, ya nuna mai busa wiwi kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen kamuwa da wannan ciwo, in mai ƙarfi ce kusan sau biyar. Wanda ya riga ya taɓu kuwa, komawa wiwi ko ƙwaya yana rushe duk abin da aka gina. Amma iyaye, ko da shaye-shaye ne sanadi, ɗanku ne dai, kuma magani ya wajaba a kansa.

A cikin gida, tun shekarun 1960 masu bincike a Landan suka lura cewa majinyacin da ya koma gidan da ake yawan yi masa faɗa da gori, ko ake kaffa-kaffa da shi kamar jariri, ciwonsa ya fi saurin tashi. A yi masa magana a tsanake, mutum ɗaya a lokaci guda. In ya ce ana bin sa, kada a gaskata, kada kuma a yi masa dariya, a ce, "Na ga kana jin tsoro, ga ni nan tare da kai." A ba shi ɗan aiki daidai ƙarfinsa, ba wa awaki ruwa, ɓarar gyaɗa, rakiya zuwa masallaci, ana ƙarawa sannu a hankali har ya koma sana'arsa. Masu cewa a yi masa aure zai warware, su yi haƙuri, hidimar aure da rashin barcinta tana iya tayar da abin da ya kwanta. In ya sami lafiya ya daidaita, zai yi aure ya haifi 'ya'ya kamar kowa, amma a faɗa wa surukai gaskiya tun da wuri.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu uku da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina, abin da ake bukata bai fi ƙarfinku ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su fara maganinsu, kuma an gwada shi a Nijeriya. A horar da ko mutum biyu ne a kowace mazaɓa, a ajiye maganin a kantin asibiti da sauƙin kuɗi, a sa rana ɗaya a wata da ƙwararre zai riƙa zuwa Funtuwa ko Ƙanƙara, ya zama mutumin Sabuwa ba sai ya sai da akuya ya yi kuɗin motar Kaduna ba.

Lokaci ya cim mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.